An kira ni intabiyun aikin manhajar waya, saura mako biyu: a kan me zan fi mai da hankali?

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a Gusau. Na gama HND a fannin kwamfuta, na yi bautar ƙasa, kuma na ɗan jima ina koyon Flutter, wato kayan aikin gina manhajar waya, da kaina. Wani kamfanin hada-hadar kuɗi da ke Legas ya kira ni intabiyu ta Google Meet nan da mako biyu, aikin daga gida ne. Abu ɗaya kawai na gina mai ɗan kauri: manhajar rubuta bashi da na yi wa kawuna mai shagon kayan masarufi a kasuwa. Na sauko da jerin tambayoyi daga intanet ina ta haddacewa har kaina ya cika. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da wannan kira, Allah ya sa a dace.

Rufe wancan jerin tambayoyin tukuna. Ban ce ba shi da amfani ba, za mu dawo kansa, amma idan shi zai cinye maka mako biyun nan to ka yi asararsu. Na sha zama a kujerar masu yin tambaya, kuma mai hadda ba ya ɓuya. Ka ce masa mene ne bambancin StatelessWidget da StatefulWidget, ya zubo maka amsa tiryan-tiryan ko numfashi babu. Ka ce to madalla, a taka manhajar ina ka yi amfani da na biyun, kuma me ya sa? Sai ka ji tsit. Mai neman tela ba sunayen allura yake tambaya ba. Rigar da telan ya ɗinka yake karɓa ya juya ta baibai ya duba ɗinkin ciki. Manhajar kawunka ita za a juya. Don haka mafi yawan shirinka ya tafi wajen sanin cikinta.

Amma yau ɗin nan, kafin ka yi komai, rubuta wa wanda ya gayyace ka ka tambaye shi wane irin zama ne za a yi, minti nawa ne, da wa, kuma za ka rubuta kod suna kallo ko hira ce kawai. Irin waɗannan kamfanoni sukan fara da gajeriyar hira da ma'aikacin ɗaukar aiki, sai aikin gida ko rubuta kod a gabansu, sai zama da injiniyoyi. Shirin kowanne daban ne, kuma babu wanda zai ga baikenka don ka tambaya.

Gobe kuma ka tafi shagon kawu. Ka samu benci ka zauna ka kalli yadda yake amfani da manhajar, kada ka karɓi wayar, kada ka gyara masa ko da hannunka na ƙaiƙayi. Za ka ga abin da kwamfutarka ba ta taɓa nuna maka ba. Ga mai saye tsaye yana jiran canji, kawu ya fara rubuta bashin rabin buhun shinkafa, sai kira ya shigo. Ya gama magana da dillali, ya leƙa WhatsApp ya saurari saƙon murya, sannan ya tuna ya koma manhajarka. Abin da ya fara rubutawa yana nan, ko ya tarar da wayam? Wayoyin da mutanenmu suka fi riƙewa, su itel da Tecno da Infinix masu sauƙin kuɗi, RAM ɗinsu kaɗan ne, kuma idan wuri ya matse Android yakan kashe manhajar da aka bari a baya ba tare da sallama ba. Duk abin da manhajar ke riƙe da shi na wucin gadi ta setState, wanda ba a ajiye ba, ya tafi ke nan. Kana iya gwada wannan a gida: shiga saitin masu gina manhaja a wayarka, kunna Don't keep activities, fara cike wani abu, fita ka dawo. Idan ya ɓace, ka gyara, ko dai ta ajiye rubutun a cikin wayar duk sanda manhajar ta koma baya, ko ta hanyar RestorationMixin da Flutter ta tanada. Ranar intabiyu idan aka zo kan yadda manhaja ke rayuwa daga buɗewa zuwa rufewa, wasu za su karanto sunayen matakai, kai kuma za ka ba da labarin kiran dillali da yadda ka magance shi.

Yanzu ga inda nake ganin ka fi ɗan Legas kayan faɗa, in ka san darajar abin da ke hannunka. Kai ɗan Zamfara ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka kwashe makonni babu kira babu data. Ko ba wannan ba, ka san yadda sabis ke ɗaukewa da ka bar Gusau ka nufi Ƙauran Namoda ko Talata Mafara. Kamfanin kuɗi a Najeriya ba shi da babbar damuwa a manhajar waya da ta wuce wannan: me zai faru idan netwok ya yanke ana tsakiyar mu'amala? Saboda haka ka shirya amsa tambayar nan ta fuskoki uku, don tabbas za ta zo ko da da wata kama.

Ta farko mai sauƙi ce: idan babu intanet sam, me mai amfani zai gani? Farin skirin da ƙawanya na ta juyawa har abada ba amsa ba ce. Ya kamata bayanan su fara sauka a cikin wayar, a SQLite ta hanyar sqflite ko Drift, manhajar ta riƙa karantawa daga can, sannan ta tura wa saba (server), wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet, idan sabis ya dawo. Ta biyu ta fi wuya: kawu ya gyara bashin wani a wayarsa babu netwok, yaron shago ma ya gyara wannan bashin a tasa wayar, sai duka biyun suka samu sabis. Na wa za a ɗauka? Babu amsa guda da aka haddace. Kana iya cewa na ƙarshe ya danne na farko, amma ka faɗi cewa a harkar kuɗi wannan haɗari ne, gara a riƙa ajiye kowane biya da kowane ƙari a matsayin layi mai zaman kansa, a lissafo jimilla daga su, maimakon a riƙa goge jimillar ana sake rubutawa.

Ta uku ita ce wadda nake so ka zauna da ita sosai. Mutum ya danna maɓallin tura kuɗi. Buƙatar ta isa saba, an cire kuɗin, amma kafin amsa ta dawo wayarsa netwok ya ɗauke. A wajen manhajar, abin bai tafi ba. Mutumin ya sake dannawa. An cire sau biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ana musun an cire ko ba a cire ba ya san wannan rigimar. Da yawa daga masu neman aiki za su ce sai a kulle maɓallin bayan dannawar farko. Daidai ne, amma bai isa ba, don mutumin na iya rufe manhajar ya buɗe ya sake. Cikakkiyar amsa ita ce manhajar ta ƙirƙiri wata lamba ta musamman ga wannan mu'amalar tun kafin ta tura, ta ajiye ta a wayar, duk sanda za ta sake gwadawa ta tura da lambar nan dai. Idan saba ta ga lambar da ta riga ta yi wa aiki, sai ta dawo da tsohuwar amsar ba tare da ta sake cire ko kwabo ba. Kuma a skirin kada a rubuta wa mutum cewa bai tafi ba alhali ba a tabbatar ba. A ce masa ana dubawa, a je a tambayo saba. Wanda ya iya warware wannan da bakinsa, ni dai a wajena ya riga ya wuce rabin hanya.

Tunda muna kan kuɗi, buɗe kod ɗinka yanzu ka duba da wane irin adadi kake ajiye naira. In double ne, wato adadi mai ɗigo, canza shi. Rubuta 0.1 + 0.2 a Dart, yaren da ake rubuta manhajar Flutter da shi, ka ga abin da zai fito: 0.30000000000000004. Kwamfuta ba ta iya riƙe irin waɗannan ɓangarorin daidai-wa-daida, kuma ƙananan kurakuran nan sukan taru. Ana ajiye kuɗi ne da kwabo a matsayin cikakken adadi, wato naira 1,500 ta zama 150000, sai wajen nunawa a raba da ɗari. API ɗin kamfanin biyan kuɗi na Paystack ma, wato ƙofar da manhajoji ke bi su yi magana da sabarsa, da kwabo yake karɓar kuɗi. Gyaran yamma ɗaya ne, amma idan injiniyan kamfanin kuɗi ya buɗe kod ɗinka ya ga haka, ya san da wa yake magana.

Sai batun nauyi. Cika manhajar da sunayen ƙarya dubu biyu ko uku ka ja jerin sama da ƙasa a wayar kawu, ba a taka kwamfutar ba. Wayoyi da yawa suna sabunta skirin sau 60 a daƙiƙa, ke nan kana da kusan milisakan 16 ka gama zana kowane hoto. Ka wuce haka mai amfani zai ji tana cijewa. Idan ka zuba dukkan sunayen lokaci ɗaya a Column to ga dalilin nan, ListView.builder kuwa abin da ido ke gani kawai yake ginawa. Akwai kuma wani tarko da ake yawan kama mutane da shi: a tambaye ka ko async da await suna kai aiki wani layin aiki (thread) na daban. Ba sa kaiwa. Suna ba ka damar jira ne ba tare da ka tsayar da komai ba, amma aiki mai nauyi, kamar warware ƙaton JSON, a kan layin da ke zana skirin zai gudana sai in ka tura shi wani isolate, wato layin aiki na daban a Dart, misali da compute. Ka kuma tuna cewa ana auna sauri a yanayin profile ne da DevTools, don yanayin debug dama can a hankali yake tafiya.

Wani ƙaramin abu da ba za ka gan shi a jerin tambayoyin intanet ba: kawu ya ajiye sunan mutum da Ɗahiru, gobe cikin sauri ya rubuta Dahiru a wurin nema. Zai fito? In ba ka daidaita ɗ da d, ƙ da k, ɓ da b kafin kwatantawa ba, ba zai fito ba, kawu kuma zai ɗauka bashin ya ɓace. Gyara shi, ka ajiye labarin don ranar da za a ce ka faɗi wata matsala da ka gano da kanka.

Game da tsaro ba zan tsawaita ba. Makullin sirri na API ba ya zama a cikin manhaja, domin duk wanda ya samu fayil ɗin APK, wato wanda ake sa manhajar a waya da shi, yana iya kwance shi ya zaƙulo, wurinsa saba. Shaidar shiga ta mai amfani kuma ba a SharedPreferences ake jefa ta ba, a flutter_secure_storage ake sa ta, wadda ke dogara da Keystore na Android da Keychain na iPhone. Sai wanda ya fi su duka muhimmanci a gare ka: kada ka kuskura ka nuna manhajar da ainihin sunaye da lambobin wayar mutanen da kawu ke bi bashi. Amana ce, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Kamfanin da ke riƙe da BVN ɗin mutane ba zai ji daɗin ganin mai neman aiki yana baje asirin makwabtansa a skirin ba. Duba GitHub ɗinka ma, inda kake ɗora kod a intanet, kada a ce ka taɓa ɗora su can.

To mu koma kan jerin naka. Ka tace shi, don Flutter ba ta daɗe ba, a Disamban 2018 ta kai siga ta 1.0, kuma ta yi ta sauyawa tun daga nan. Tsarin hana null ya shigo Dart a 2021, da Dart 3 ta fito a 2023 ya zama dole. Duk amsar da aka rubuta kafin nan tana iya zama tsohon yayi. Abin da ya cancanci ka riƙe bai da yawa: initState da dispose da abin da ke faruwa in ka manta ka rufe controller, amfanin const da key, bambancin Future da Stream, me ya sa ake duba mounted bayan await kafin a taɓa context. Za a tambaye ka Provider ko Riverpod ko Bloc, wato hanyoyin sarrafa bayanan da manhaja ke riƙe da su. Kada ka yi da'awar ka san duka ukun. Ɗauki wanda ka yi aiki da shi, ka faɗi abin da ya sauƙaƙa maka da inda ya ba ka wuya. Haka in an ce me ya sa Flutter ba yaren Kotlin ba, alhali tun 2019 Google ya fifita Kotlin wajen gina manhajar Android. Kada ka ce don ta fi. Ka ce kod ɗaya na fitar da Android da iPhone, wanda riba ce ga ƙaramar tawaga, amma manhajar takan fi girma, kuma idan aka zo kan na'ura irin firintar POS wani lokaci dole a rubuta Kotlin a haɗa ta platform channel. In ba ka taɓa gina ta iPhone ba saboda ana buƙatar Mac da Xcode, faɗi haka kai tsaye.

Idan rubuta kod za a yi suna kallo, abin da aka fi bayarwa shi ne ka ɗauko jeri daga wani API ka nuna shi. Kusan kowa na iya wannan in komai ya tafi daidai. Kai ka nuna hali huɗu: yana lodi, ya zo da kaya, ya zo babu komai, ya gaza ga maɓallin sake gwadawa. Ka riƙa magana kana rubutu, don tunaninka suke son ji. Shiru na minti goma ya fi kuskure illa. Tambayoyin lissafin dabaru irin na shafin LeetCode kuwa, masu sauƙin sun ishe ka a wannan matakin. Ka san lokacin amfani da List da Map da Set, ka iya bayyana me ya sa neman sunan da ya maimaitu cikin dubu ta kwatanta kowanne da kowanne zai ci kusan rabin miliyan na kwatance, Set kuwa zagaye ɗaya ya gama. Ka rubuta gwaji ko da uku ne a kan lissafin bashin, don a ga ka san ana yi.

Akwai abin da ke kayar da yaranmu wanda ba ruwansa da kod, kuma yana ci min rai. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici: kada ka yabi kanka, kada ka haɗa ido da babba, kada ka ce ba ka gane ba. A zauren gida wannan ado ne. A intabiyu kuwa, in aka ce ba mu labarin abin da ka gina sai ka sunkuyar da kai ka ce ɗan ƙaramin abu ne kawai, to ƙaramin za su rubuta. Faɗin abin da ka yi ba fahariya ba ne. Ka ce ni na tsara, ni na rubuta, ana amfani da ita kullum a shago na gaske. Idan ba ka ji tambaya ba ka ce a maimaita, kada ka amsa da eh ranka ya daɗe ka kama wata hanya. Idan ba ka sani ba ka ce ban taɓa aiki da shi ba, amma ga yadda zan tunkare shi. Turancinka ba sai ya yi kama da na rediyo ba. Ka yi a hankali, gajerun jimloli. Nemi aboki ya zauna a matsayinsu, ka bayyana masa manhajar da Turanci cikin minti uku, ka naɗa a waya ka saurari kanka. Za ka ji haushi a karon farko, ka sake. Kuma in ChatGPT ko makamancinsa ya rubuta maka wani sashe, ba laifi, amma ka koma ka bi shi layi-layi har sai ka iya kare kowanne, don a nan ɗin za a sa yatsa.

Kada ka ɓata kwanakin nan wajen ƙoƙarin ɗora ta a Play Store in ba ta can. Bayan dala 25 na rajista, sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin ya nemi izinin sakin manhaja ga kowa, ka ga lokaci ba zai kai ka ba. Ka shirya APK da za su iya saukewa, da bidiyon minti biyu na manhajar tana aiki, har da sanda ka kashe data ta ci gaba, da takardar README mai hotuna da bayanin yadda ake tayar da ita.

Ranar kanta, ka ɗauka ba za a kawo wuta ba. Kwamfuta cike da caji, fawa banki a gefe, layi biyu na kamfanoni daban-daban kowanne da data. Ka gwada kiran bidiyo kwana ɗaya kafin nan, a ɗakin da za ka zauna kuma a daidai wannan sa'ar, don ƙarfin sabis na safe ba shi ne na yamma ba. A gaya wa mutanen gida, kada ƙannenka su faɗo ana tsaka da magana. In sun sa lokacin ya ci karo da sallar Juma'a, nemi a matsar tun yanzu, abu ne da aka saba.

In an zo maganar albashi, fara tambayar nawa suka ware wa matsayin. Duk adadin da aka faɗa ka tambaya kafin cire haraji da fansho ne ko bayan cirewa; a dokar fansho ta 2014 ma'aikaci na ba da kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Tambayi ko cikakken ma'aikaci za ka zama ko ɗan kwantiragi, wa zai ba da kwamfuta da kuɗin data, kuma sau nawa za a buƙaci ka je Legas da kuɗin wa, don daga Gusau tafiyar ba ta wasa ba ce. Duk wanda ya ce ka biya wani abu kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne. Ka kuma tabbatar imel ɗin gayyatar daga adireshin kamfanin ya fito kafin ka sauke wani kod da suka turo ka tayar a kwamfutarka, don akwai masu fakewa da aikin gida suna cusa wa masu neman aiki manhajar sata.

Idan ka gama canza kuɗin zuwa kwabo ka cire sunayen mutane, turo min adireshin GitHub ɗin in duba maka kafin ranar. Ka gaida kawu.